Amsa ga mai tambaya kan hutun jirgin ruwa da ƙananan yara

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki cewa ke da maigida kuna son kai yara hutu a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, babban yana da shekara 8, mai bi masa 5, auta kuma shekara ɗaya da rabi, kina neman wanda ya taɓa zuwa ya gaya miki ko abin zai yiwu, da yadda ake yi da abinci da tsaron yara. Na ga wasu sun ce miki ruwa ba sa'an kwando ba ne, ki rufa wa kanki asiri, wasu kuma sun ce ki biya kawai. Mu mun je da namu yaran daga nan Kano, mun shiga jirgin a Dubai, to bari in faɗa miki abin da na gani.

Manyan biyun ba su da matsala, su ne ma za su fi kowa morewa. Auta ce abin dubawa, kuma shekarunta ne ya kamata su yanke muku shawara, ba rangwamen da kika gani a talla ba. Kamfanonin jiragen yawanci suna karɓar jariri daga wata 6, a doguwar tafiya kuma sai ya cika shekara, saboda haka babu mai hana ta shiga. Amma shiga daban, jin daɗi daban. Akwai ɗakin wasan yara inda ake barin su da ma'aikata kyauta, su yi zane, su yi wasanni, uwa ta samu ta numfasa. A mafi yawan jiragen sai yaro ya kai shekara 3 kuma ya daina saka famfas ake karɓarsa a bar shi shi kaɗai. Wanda bai kai ba, ko dai ki zauna da shi a wurin, ko ki biya kuɗin raino na awa-awa idan jirgin yana da ɗakin jarirai, kuma ba kowane jirgi ke da shi ba. Haka wurin ninkaya: yaro mai famfas ba ya shiga, ko da irin na ruwa aka saka masa, sai dai in jirgin ya ware wa jarirai ɗan wurin fantsama ruwa. Ki hango yadda za ta kasance, yayyenta suna cikin ruwa suna ihu, ita tana hannunki tana zillo tana kuka, ke kuma kin biya kuɗin hutu. Na ga iyaye mata da yawa a wannan hali, suna ta zagaye da yaro a kafaɗa har tafiya ta ƙare. In da ni ce, zan jira ta cika uku, ko in bar ta wajen kakarta in an riga an yaye ta. Idan kuma hankalinki ba zai kwanta ba sai da ita, to ku yi magana da maigida tun a gida cewa rainon karɓa-karɓa za a yi, kada a je can ya ɓace da manyan ya bar ki.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, idan akwai juna biyu a lissafa da kyau. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace da cikinta zai kai mako 24 kafin a gama tafiyar, kuma suna iya neman takardar likita.

Wahalar gaske tana kan tudu, kafin a ga ruwa. Irin waɗannan jiragen ba daga Legas ake shigarsu ba, dole sai an bi jirgin sama zuwa inda suke tashi. Mu 'yan Kano muna da sauƙi ɗaya, daga filin jirgin Malam Aminu Kano ana samun jirage ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, ba sai an kwashi yara an sauka Abuja ko Legas ba. Jiragen yankin Gulf suna aiki ne lokacin sanyi, daga wajen Disamba zuwa Maris, wato ya dace da hutun makaranta na ƙarshen shekara. Suna zagaya Dubai da Abu Dabi da Doha, wasu har Bahrain ko Maskat, da tsibirin Sir Bani Yas inda yara ke ganin namun daji. Da zafi ya shigo sai jiragen su koma tekun Bahar Rum, su riƙa tashi daga Barselona ko Jenowa ko tashar da ke kusa da Roma, wannan shi ya dace da dogon hutu, amma sai da bizar Turai. Akwai kuma na Afirka ta Kudu da ke tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik, tafiyar 'yan kwanaki. Tun Disambar 2024 Saudiyya ma ta fara nata, AROYA, daga Jidda, wanda aka tsara shi don iyalan Larabawa, kuma ga mai son haɗawa da Umara ya cancanci a bincika.

Kada ki biya ko kwabo sai kin gama da maganar biza. Jirgin yana fita daga ƙasa ya shiga wata ya dawo, don haka bizar shiga sau ɗaya ba lallai ta wadatar ba, ana bukatar mai shiga da fita, kuma kowace ƙasa da za a tsaya tana da nata sharaɗi ga mai fasfon Najeriya, ko da ba ki da niyyar sauka. Dokar bizar Dubai a kanmu ta sha canzawa, an rufe a 2022 aka buɗe a 2024, saboda haka labarin wadda ta je bara ba hujja ba ne. Ki sa ejan ɗinku ya rubuto miki a takarda wace biza ake bukata a kowace tasha, da abin da za a mayar muku in an hana. Kowane yaro da fasfonsa, har autar, kuma ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. A tafi da katin rigakafin shawara da takardun haihuwa. Idan ya zama ke kaɗai za ki tafi da su, ki riƙe takardar amincewar mahaifinsu. Sannan ku isa garin da jirgin zai tashi kwana guda kafin ranar, ku kwana a otal. Jirgin sama yana iya makara, na ruwa kuwa ba ya jiran kowa.

Kuɗin da ake tallatawa na ɗaki ne da abinci da wasannin dare. Bayan shi akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowace rana, akwai lemon kwalba da ruwan gora, intanet, hoto, wanki, da motar yawo idan an sauka a gari. Ana ba kowa kati ɗaya, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma abin biya, ba a taɓa kuɗi a hannu, shi ya sa mutum ba ya jin fitarsu sai daren ƙarshe. Ki je wurin karɓar baƙi ki ce a rufe saye da katin yara, domin ɗan shekara 8 zai gano ɗakin wasan kwamfuta tun ranar farko. Kada ku dogara da katin naira, ku riƙe na dala ko ku biya Wapa ku yi canji kafin tafiya. Waya kuma da an bar tasha a kashe mata layi, don a tsakiyar teku ta tauraron ɗan adam take kamawa, kuɗin ba na wasa ba ne.

Ku biyar ne, wannan ma abin lura ne, saboda yawancin ɗakuna mutum huɗu suke ɗauka kuma ana ƙirga jariri. Ko ku nemi ɗakin iyali, ko ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, kuma irinsu suna saurin ƙarewa. Ki zaɓi na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne ba a cika jin tangaɗi ba. Ni ban ga amfanin ɗaki mai baranda ga mai ƙananan yara ba. An yi shingen da tsayi, amma akwai kujera da tebur a wurin, kuma kin san ɗan shekara 5 da hawa. Mai taga ya isa, ya fi araha, kin kuma yi barci da ido biyu rufe.

Batun tsaro, girman jirgin ya wuce yadda ake zato. Mafi girma a cikinsu, irin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata. Haɗarin da ya fi kusa da yaro ba nutsewar jirgi ba ne, ɓata ne da wurin ninkaya. Cunkoson wurin cin abinci da rana kamar Kantin Kwari ne ana jibi Sallah, ki juya ki ɗebi shinkafa ki waigo babu yaro. Ki koya wa manyan lambar hawa da ta ɗaki, ki nuna musu kayan ma'aikata, ki hana su shiga lif su kaɗai. Yaranmu na Kano ba su saba da ruwa ba, kuma ba kowane lokaci ake samun mai tsaro a bakin wurin wankan ba, don haka ido a kansu, ba a kan waya ba. Kafin jirgi ya tashi ana yin atisayen gaggawa, a nuna wa kowa inda zai taru da yadda ake saka rigar ceto. Tun bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara wannan. Ana ɗaura wa ƙananan yara abin hannu mai lambar wurin taruwarsu, kada ki bari su cire, kuma ki tambaya a kawo rigar ceto daidai jikin autar.

Abinci yana da yawa har ya ishe ku, amma sai an kula. A wurin ɗebi-da-kanka akwai naman alade, wani lokaci a cikin abin da ba ki zata ba, kuma wasu miya da kayan zaƙi ana sa musu giya. Tun wajen biyan kuɗi a rubuta cewa halal kuke so, idan an shiga kuma a sake gaya wa shugaban masu hidimar abinci. Mu dai kifi da ƙwai da shinkafa da taliya da 'ya'yan itace muka fi riƙewa, kuma ɓangaren abincin Indiya ya taimake mu, shi ne mai ɗan yajin da harshe ya sani. Ki tafi da yajinki a rufe da kyau, da madara da garin kunun da autar ta saba da shi, da famfas fiye da lissafinki, don shagon jirgi ba abin dogaro ba ne. Kilishi da dambun nama ki bar su a gida, kayan nama suna jawo tambaya a kwastan. Giya kuwa ana sha a fili, akwai gidan caca, akwai shigar da ba mu saba gani ba a bakin ruwa. Babban zai yi tambaya, gara ki shirya amsarki. Da sassafe wurin ninkaya ba kowa, lokacin muke kai namu.

Hajiya, kaskon turaren wuta ba ya shiga jirgi, haka abin kunna shi na lantarki, da dutsen guga, da hita. Ba abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara, kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi, kuma ana duba akwatuna a ƙwace irin waɗannan. Humra da turaren fesawa sun isa. Ki saka ƙaramar buta ta roba a kaya. Masai na jirgi da iska yake zuƙa, ko tsumman goge jariri aka jefa sai ya toshe. Salla a ɗaki muke yi, alƙibla tana juyawa da tafiyar jirgi, sai a duba taswirar da ke talabijin ɗin ɗaki ko manhajar waya a lokacin da za a tayar. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ku tambayi malaminku kafin ku tashi.

Tekun Gulf a kwance yake galibi, namu ba wanda ya yi amai, amma ki je wa likitan yara ya rubuta maganin jiri daidai shekarunsu, kada ki saya da ka a kemis. Abin da ya fi yawo a jirgi ciwon amai da gudawa ne mai saurin yaɗuwa, maganinsa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, man goge hannu kaɗai ba ya kashe shi sosai. Akwai asibiti a ciki amma da kuɗi mai tsada, saboda haka a yi inshorar tafiya da ta haɗa da jirgin ruwa. Ki riƙe maganin zazzaɓi da gishirin gudawa. Idan yaro ya yi zazzaɓi, ki gaya wa likitan cewa daga yankin cizon sauro kuka fito, don ba shi zai fara zuwa masa a rai ba.

Ranar sauka gari ba dole ba ne a fita kowace tasha. Ranar da mutane suka watse, jirgi ya zama na yara. In kun fita, ku bi agogon jirgi, ku dawo da sauran lokaci mai yawa, kuma zanin goyo ya fi keken jarirai amfani wajen hawa da sauka. Daren ƙarshe ana cewa a fito da akwatuna bakin ƙofa, ba za ku sake ganinsu ba sai a tasha, don haka ki ware kayan da yara za su saka da safe, da famfas da magani da fasfo a jakar hannu. Jirgin komowa Kano kuma a nemi na yamma ko na dare, saboda fitar dubban mutane daga jirgi ɗaya tana cin safiya.