Wane rumbun ajiya na waje zan saya, kuma da wace irin kafa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata ɗaukar bidiyo da tace shi. Laftof ɗina ta cika maƙil, fayilolin sun kusa terabait 1, wani guda ɗaya ma ya haura gigabait 50. Ina so in sayi rumbun ajiya na waje in kwashe komai can, in goge na cikin laftof in samu wuri. Amma na rikice: HDD ko SSD? USB-C ko Thunderbolt? Aikin mutane ne, in ya salwanta ban san da wane ido zan kalle su ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da abin da ka tambaya, amma akwai magana guda a wasiƙarka da ta fi tayar mini da hankali, zan zo kanta.

Idan ajiya kawai kake so, HDD, wato rumbu mai faifai da ke juyawa a cikinsa, ya ishe ka, shi ya fi ba da fili mai yawa a kan kuɗin da ka kashe. Ƙaramin mai inci 2.5 yana shan wuta daga kebul ɗinsa, yana kwafar megabait 100 zuwa 130 a daƙiƙa. Babban mai inci 3.5 ya fi shi sauri, amma sai an jona masa wutarsa daban. Idan kuwa a kan rumbun za ka riƙa tace bidiyo kai tsaye, ko kana yawo da shi a jaka, to SSD za ka nema, don babu faifai mai juyawa a cikinsa.

Batun kafa kuma, wato ramin da ake jona kebul, USB-C sunan siffar baki ne kawai, bai faɗi komai a kan gudu ba. Akwai kebul mai bakin USB-C da ba ya wuce gudun USB 2.0, wato megabit 480 a daƙiƙa (megabit takwas ne megabait ɗaya), kuma yawancin kebul ɗin cajin waya haka suke. Da irinsa terabait ɗinka zai ci wajen awa 8. USB 3.0, wanda aka sauya wa suna zuwa 3.1 Gen 1 sannan 3.2 Gen 1, gigabit 5 ne, kuma ya fi ƙarfin kowane HDD guda ɗaya. Aikin zai ƙare cikin awa biyu da 'yan kai. SSD mai sauri irin na NVMe a kafa mai gigabit 10 zai gama a ƙasa da rabin awa. Thunderbolt 3 da 4 suna kai gigabit 40, amma jona HDD a kansa asarar kuɗi ce, faifan ba zai ƙara gudu ba. Ka duba abin da kafar laftof ɗinka take ɗauka tukuna, domin wanda ya fi rashin gudu tsakanin rumbu da kebul da kafa shi ke yanke gudun. Wajen fomat, wato tsarin da ake shirya rumbu da shi don ya karɓi fayiloli, ka guji FAT32, ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. In Windows kaɗai kake amfani da ita, NTFS. In kana haɗawa da Mac, exFAT.

To, ga maganar. Ka ce za ka kwashe komai, ka goge na cikin laftof. Don Allah kada ka yi haka da rumbu ɗaya. Kullum sai na ji wani ya ce “ai na yi bakof”, wato ya ajiye kwafi na biyu, amma in ka bincika sai ka tarar fayilolin a wuri guda suke, ɗauko su kawai ya yi daga wannan faifai ya kai wancan. Sauya musu ɗaki ya yi, kuma sabon ɗakin ya fi tsohon haɗari, tunda shi ake cirewa ana jonawa, shi ake jefawa a jaka, shi ke faɗowa daga tebur idan ƙafa ta ja kebul. A cikin HDD allurar karatu tana shawagi ne a saman faifan da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Faɗuwa ɗaya yana cikin aiki ta isa ta kankare fuskar faifan. Mai SSD ma kada ya saki jiki. Shi ba ya ƙara, ba ya gargaɗi, rana ɗaya kwamfuta za ta daina ganinsa, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi na HDD wuya. In aka jefa shi a durowa shekara da shekaru babu wuta, cajin da ke riƙe bayanan yana iya zurarewa.

Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini rumbu mai ɗauke da aikinta na shekara huɗu, yana ƙas-ƙas. Kafin ta iso, wani ya sa ta kwanar da shi a firiza, wani kuma ya kwance murfin ya hura ciki da baki. Irin waɗannan masu gyaran ganin-ido suna ƙona mini rai, domin ba su san aikin ba kuma ba za su ce ba su sani ba. Firiza raɓa take tarawa a cikin faifai, shi kuwa HDD ba a buɗe shi sai a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa. Da ta kashe shi tun ƙarar farko, da akwai fata. Ban iya ceto mata komai ba, kuma har yau abin yana damuna.

Ƙa'idar da muke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban ko a ma'ajiyar intanet, saboda gobara da ɓarawo da ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle fayiloli. Ita wannan cutar duk rumbun da ta tarar a jone tana kulle shi, don haka na ajiya ba a barinsa a jone kullum. In kuɗinka na SSD guda ne mai tsada, gara ka sayi HDD biyu masu terabait 2 ko 4. Abin da ke hannunka amana ce, wanda ya ba ka aiki ba zai tambaye ka gudun kebul ba ranar da ya zo karɓa.

Ka kuma kiyayi jabu. Ana tallan wasu a intanet da sunan SSD mai terabait 16 a araha ta banza, ciki kuwa ɗan katin memori ne aka sa wa manhajar da ke yi wa kwamfuta ƙarya. Yana cika, sabon fayil sai ya hau kan tsoho, sunaye suna nan amma babu abin da zai buɗe. Kamfanoni uku ne suka rage masu ƙera HDD, Seagate da Western Digital da Toshiba. Idan mai terabait 1 ya nuna maka gigabait 931, wannan bambancin lissafi ne, ba cuta ba ce. Ranar da ka saya, ka gwada shi da manhajar H2testw ta cika shi ta karanta, ka duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo. Sai ka kwafi fayilolinka zuwa rumbu na farko, ka kwafa zuwa na biyu, ka buɗe manyan bidiyon a kowanne ka ja su har ƙarshe, sannan ka goge na cikin laftof.