Ƙafafun ɗana sun kumbura, surukata ta ce shan ciki ne

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa ɗaya da wata biyar, na yaye shi da wuri saboda na samu ciki, tun daga nan yaron ya lalace, gashinsa ya yi ja, yanzu kuma ƙafafu sun kumbura. Surukata ta ce shan ciki ne, a ba shi jiƙo. Babansu ɗan acaɓa ne, tunda aka cire tallafin mai a 2023 wallahi wataran koko ne kawai har dare. Ya siyo mishi madarar tamowa leda uku a kasuwa, yayyensa ma suna lasa. Ya zan yi?
Wata uwa daga Malumfashi

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Yau ɗin nan ki goya shi ku tafi asibiti, kar ki jira gobe. Ki danna saman ƙafarsa da babban yatsa kamar sakan 3, in kin ɗaga wurin ya lotsa a ƙafa biyun to tamowa ce mai tsanani, kuma kumburin nan shi ke yaudarar mutane a ce ai yaro ƙiba ya yi.

Maganar shan ciki kuwa, ki lallaɓa Hajiya cikin ladabi, amma nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ya faru an cire shi daga nono an bar shi da koko zalla, ga ba gyaɗa ba wake ba ƙwai, to da me jiki zai ginu? Jiƙo ma zawo zai iya sa shi, yaron da ba shi da ƙarfin zawo.

A asibiti za su zagaya wani ɗan tef mai kala a damtsensa, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ga kumburi, za su sa shi a shirin tamowa, in baya cin abinci ma kwantar da shi za a yi. Madarar nan kyauta ake bayarwa, wadda kike gani a kasuwa yawanci rabon wasu yaran ne aka karkatar, abin na ci min rai wallahi. Magani ce da ake auna wa yaro daidai nauyinsa, leda uku da yayye ke lasa ba inda za ta kai shi.

In ya farfaɗo, ki soya waken suya da gyaɗa ki niƙa da geron kununsa, ki ɗan zuba manja da garin zogale, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kamar sau 5 a rana. Ke ma ki je awo, ki faɗa musu halin da ake ciki a gida, kar kunya ta hana ki.