Amsa: Akwai fina-finan binciken laifi na Indiya da mace ke jan ragama?

'Yar'uwa, kin tambaya ko a fina-finan 'yan sanda na Indiya mace ba ta da aiki sai rawa da kuka. A da kusan haka ne, amma an samu sauyi.

Ki fara da Kahaani na 2012. Vidya Balan ta sauka a Kolkata da tsohon ciki tana neman mijinta da ya ɓace, kowa yana mata kallon abar tausayi, ita kuwa da wannan raini take amfani. Sai Mardaani na 2014, inda Rani Mukerji ta fito 'yar sanda mai farautar masu safarar yara mata.

Ni dai Delhi Crime na 2019, shiri mai dogon zango, ya fi kama ni. An gina shi kan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba cikin bas a Delhi a 2012. Shefali Shah, wadda ta fito babbar 'yar sanda mai jagorantar binciken, ba ta dukan mutum goma lokaci guda. Za ki gan ta ido ya yi ja don rashin barci, waya a kunne, tana tura 'yan sandan da ke ƙarƙashinta neman bas ɗin. Shirin ya ci Emmy ta ƙasa da ƙasa, kyautar shirye-shiryen talabijin, a 2020.

Inda har yanzu da sauran rina a kaba shi ne batun asali. Yawancin jaruman nan 'yan birni ne masu gata. Shi ya sa shirin Dahaad na 2023 ya bambanta: jarumarsa 'yar sandar jihar Rajasthan ce daga dangin da ake ƙasƙantarwa, har wani mai gida kan hana ta shiga gidansa alhali tana cikin kaki.