Me ya sa tsofaffi masu jin Rashanci ke da wuyar sha'ani a asibiti?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Brooklyn da ke birnin New York, kuma yawancin waɗanda nake jinya tsofaffi ne masu jin Rashanci. Ba sa sakin fuska, maganarsu kamar umarni, 'ya'yansu kuma kan nemi a ɓoye musu cutar da ke damunsu. Raini ne ko al'ada?

Amsa: Malama, ba raini ba ne. Da yawansu sun shigo Amurka ne da gudun hijira daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet tun shekarun 1970, suka ƙaru bayan dokar Lautenberg ta 1989 wadda ta sauƙaƙa wa Yahudawa da wasu Kiristoci shigowa, shi ya sa unguwar Brighton Beach da ke Brooklyn ta cika da su. Ba dukkansu ne Rashawa ba, akwai mutanen Yukren da Belarus da Uzbekistan.

A asibitin da suka saba da shi can gida, likita ne ke yanke hukunci, kuma idan cuta ta yi tsanani, musamman ciwon daji, dangi ake gaya wa, domin ana ganin labarin zai karya wa majinyaci zuciya. Saboda haka idan likita ya jero hanyoyin magani ya ce a zaɓa, tsoho kan ɗauka bai san aikinsa ba ne. Murmushi kuwa a wurinsu sai da dalili, ba a yi wa baƙo don ladabi kawai. Mafita ita ce a tambayi majinyacin tun farko, ta bakin tafinta, ko yana son a gaya masa komai ko ya wakilta wani ɗansa, sannan a rubuta abin da ya ce.

Abin da ya fi damuna shi ne a mai da ɗa ko jika tafinta, domin zai tace magana saboda tausayi ko kunya, alhali dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta sa asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ya samar da tafinta kyauta. Ga misali: kalmar angina a Rashanci ciwon maƙogwaro ce, a Turanci kuwa ciwon ƙirji ne mai nasaba da zuciya, don haka kuskure a nan na iya sa a rubuta wa mutum ciwon da ba shi da shi.

Ki riƙa tambayar magungunan gida da sunansu. Tsohuwa za ta ce ba ta shan komai, ga kuwa ƙaramar kwalbar Corvalol a jakarta tana ɗigawa a ruwa duk dare, kuma akwai sinadarin fenobabital mai sa barci a cikinsa. Idan kin ga zagayayyun tabo a bayan majinyaci, mai yiwuwa ƙaho aka yi masa da ƙananan kofunan gilashi, kusan irin na wanzamanmu. Wajen kira kuma, ki tambayi sunansa haɗe da na mahaifinsa, domin da haka ake girmama babba a Rashanci.