Kun Tambaya, Mun Amsa: Ziyarar ƙaramin ɗakin addu'a a dajin tsauni

Tambaya: A hotunan tsaunukan Alps na Turai ina yawan ganin wasu ƙananan ɗakunan addu'a a gefen hanya cikin daji. Baƙo zai iya shiga? Me ya kamata ya kiyaye?

Amsa: Zai iya, Malama, muddin ƙofar a buɗe take. Galibinsu na mabiya Katolika ne, musamman a Ostiriya da kudancin Jamus, kuma da yawa mallakar iyalan manoma ne da kakanninsu suka gina don cika alwashi bayan sun tsira daga annoba, yaƙi ko zaftarewar dusar ƙanƙara. Shi ya sa za ki ga ƙananan alluna a bango ɗauke da zane da kalmar godiya. Kada ki taɓa su, fentinsu ya tsufa, yatsa ma na iya ɓare shi.

Ciki bai wuce bagade, gicciye, siffar Maryamu da benci biyu ko uku ba. Namiji ya cire hula, a sassauta murya, a bar kare a waje. Ruwan da ke cikin ɗan kasko a bakin ƙofa masu ibada ne ke tsoma yatsa su yi alamar gicciye da shi, ba dole ba ne ga baƙo. Igiyar ƙararrawa kuwa a ƙyale ta. In kin tarar da ƙofar ƙarfe a kulle, saboda ɓarayi ne, sai ki leƙa ta tsakanin sandunan. Wani lokaci makulli yana gidan gona mafi kusa.

Maganar da ta fi damun mu ita ce kyandir. Yawancin ɗakunan nan rufinsu katako ne, ga labulen bagade, ga busassun furanni. Ƙaramin kyandir mai gwangwani yana kai awa 4 yana ci, wato kin yi nisa wutar na nan, iska kuma na kaɗawa ta ƙofa. A kunna shi kawai a kan maɗorin ƙarfe ko tiren yashi da aka tanada, a jefa kuɗinsa a asusu. Inda ba a tanadi wuri ba, don Allah a haƙura. A jihar Bavariya ta kudancin Jamus ma doka ta hana shan taba a daji daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Oktoba.

Tambaya: Taswira ta nuna min kilomita 4 daga inda ake ajiye mota zuwa ɗakin addu'ar, da hawan mita 600. Awa ɗaya ta isa?

Amsa: Ba za ta isa ba, Malam. Masu hawan tsauni suna lissafa kilomita 4 a awa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, hawa kuma mita 300 a awa. Hawanka awa 2 ne, nisan awa 1. Sai ka raba ƙaramin biyu ka ɗora rabin a kan babban: awa 2 da rabi ke nan, ban da hutu. Kada ka ce za ka rage hanya da mota, an hana motocin jama'a bin yawancin hanyoyin daji, na masu ɗibar katako ne.

Ka tashi da sassafe, domin a lokacin zafi hadari yakan haɗu da rana tsaka zuwa la'asar. In ka ga walƙiya ka ƙirga: kowane daƙiƙa 3 kafin ƙarar tsawa kilomita 1 ne. Ƙasa da daƙiƙa 30, haɗari ya matso. Kada ka fake a gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, irin wadda ake yawan dasawa kusa da ɗakin, haka ma jikin gicciyen ƙarfe.

Sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 na hawa, ga gumi ya jiƙa riga, don haka ka riƙe rigar ruwa da ta sanyi, ruwan sha lita 1 da rabi, tocila da takalmi mai kama ƙasa. Saiwoyi da matakalar katako masu gansakuka sun fi kayar da mutane wajen saukowa, lokacin da gwiwa ta gaji. Sabis yakan ɗauke a kwari, ka sauke taswira a waya tun daga masauki. Lambar gaggawa 112 ce a Tarayyar Turai, masu ceto a tsaunukan Ostiriya kuma 140.

Da ka dawo, duba bayan gwiwa, matsematsi da hammata saboda kaska. Ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a hankali, ban da shafa mata mai. In jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki ko makonni, ko zazzaɓi ya biyo baya, ka ga likita.