Ina son karanta kimiyyar siyasa, Baba ya ce ba a gidansa ba

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya, ya aiki ya jama'a?

Ni ɗiyarki ce daga Jibiya, shekarata 18. Na gama sakandare bana, ina shirin cike fom ɗin JAMB, amma kaina ya ɗaure. Kwasa-kwasai uku nake so: kimiyyar siyasa, ilimin zamantakewar al'umma, da hulɗar ƙasa da ƙasa. Na kasa zaɓen ɗaya.

Abin ya shiga raina ne tun 2023, lokacin da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar. Babanmu yadi yake kaiwa Maraɗi, kuma kakata ta wajen uwa a can take. Da idona na ga manyan motoci jere a Magama, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna girki a gwangwani. A gidanmu sai da aka rage awo. Kullum da asuba Baba na maƙale da rediyo, ni kuma ina gefe ina tambayarsa: wane ne ya yanke wannan hukunci, kuma me ya haɗa taron shugabanni a Abuja da tukunyarmu? Tun daga nan nake son in san yadda ake ƙulla irin waɗannan abubuwa.

Da na faɗa wa Baba, sai ya ce ba a gidansa ba. Wai ba zai tura ɗiyarsa jami'a ta dawo tana bin 'yan takara da ɗankwali mai hoton jam'iyya ba. So yake in yi NCE in koyar. Yayana kuma ya ce abokinsa ya karanci siyasa, yanzu cajin waya yake yi a tasha. Ga wata kuma: na samu kiredit a Turanci, Gwamnati, Tattalin Arziki, Hausa da Addinin Musulunci, amma Lissafi D7 na ci. Ƙawata ta ce ba komai, tunda ba likitanci zan yi ba.

Gwaggo, ba na son saɓa wa mahaifina, kuma ba na son in haƙura da abin da nake so. Ya zan yi?

Ɗiyarki daga Jibiya

*

Wa alaikis salam ɗiyata. Allah ya yi miki albarka.

Bari in fara da maganar ƙawarki, domin ita ce za ta iya cinye miki shekara guda a banza. Ta yi kuskure. Yawancin jami'o'i suna neman kiredit a Lissafi kafin su ɗauki ɗalibi a tsangayar kimiyyar zamantakewa, kuma da dalili: duk kwasa-kwasan nan uku akwai darasin ƙididdiga da dabarun bincike a cikinsu. Ki yi rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ki sake Lissafin. A irin waɗannan kwasa-kwasai galibi ana karɓar kiredit biyar da aka haɗa a zama biyu. In sakamakon ya fito, ki tabbata an ɗora shi a shafinki na JAMB, don idan babu shi a can, ko kin ci 300 cikin 400 ba za a tura miki gurbi ta CAPS, wato tsarin JAMB na bayar da guraben karatu, ba. Sannan kafin ki zaɓi darussa huɗun da za ki rubuta, ki buɗe kundin JAMB da kanki, ki karanta abin da jami'ar da kike so ta gindaya wa kwas ɗin. Kada ki bar mai kwamfuta a wurin rajista ya zaɓa miki. Shi layi yake son ragewa. Duk shekara sai na samu wasiƙar yaron da ya ci maki mai kyau aka hana shi gurbi saboda darasi ɗaya da bai dace ba.

Yanzu zaɓin. Kimiyyar siyasa tana nazarin iko: yadda ake samunsa, yadda ake riƙe shi, tsarin mulki, zaɓe, majalisa, abin da ke sa sojoji su hamɓarar da gwamnati. Ilimin zamantakewa kuma cikin gida yake leƙawa: aure da saki, almajiranci, gudun hijira, laifuka, abin da ke faruwa da iyali idan aka rage awo. Hulɗar ƙasa da ƙasa reshe ce da ta tsiro daga kimiyyar siyasa, shi ya sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sashe ɗaya ke riƙe da su biyun.

Na sake karanta tambayar da kika yi wa mahaifinki da asuba. Ba ki tambaye shi yadda direbobi ke rayuwa a ƙarƙashin mota ba, kin tambaye shi wane ne ya yanke hukuncin. Don haka ni kimiyyar siyasa zan ce ki sa a gaba. Tana da faɗi, za ki yi darussan manufofin ƙasashen waje da na ƙungiyoyi irin su ECOWAS da Majalisar Ɗinkin Duniya a cikinta, kuma idan zuciyarki na nan a kan diflomasiyya sai ki ƙware a digiri na biyu. Ana kuma koyar da ita kusa da gida: ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma, ga Bayero a Kano. Kusancin nan zai yi miki amfani a gaban Baba fiye da kowace hujja.

Yayanki bai yi ƙarya ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Masu wannan digiri suna da yawa, guraben ma'aikatar harkokin waje kuwa kaɗan ne, ba a kuma ɗauka kowace shekara. Takardar kaɗai ba za ta ciyar da ke ba. Abin da ke raba ɗalibi da ɗalibi shi ne abin da ya ƙara a kai: iya rubuta rahoto mai tsafta, iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta, da harshe. A nan Allah ya ba ki abin da 'yan ajinki za su nema da kuɗi. Kina da Hausa, kina da Turanci, kina da dangi a Maraɗi. Ki fara koyon Faransanci tun yanzu, ko da wajen 'yan'uwan mahaifiyarki da suka yi lakwal, wato makarantar boko ta Nijar, ne. Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, duk maƙwabtanmu na tudu, da Faransanci suka yi boko. Ƙungiyoyin agaji, gidajen rediyo da cibiyoyin bincike suna neman wadda za ta zauna da matan ƙauye da Hausa, ta rubuta abin da ta ji da Turanci, ta karanta takardar da ta zo daga Yamai.

Sai Baba. Ki fahimce shi da kyau: mutuncinki yake karewa. Abin da ya sani da sunan siyasa shi ne gangami, zagi a rediyo da 'yan jagaliya, kuma babu uban da zai so ɗiyarsa a wannan layi. Aikinki ki nuna masa cewa mai karanta siyasa daban, ɗan siyasa daban, kamar yadda likita ke nazarin cuta ba tare da ya zama majinyaci ba. Tunda ma'abocin rediyo ne, ya san Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Malamin kimiyyar siyasa ne a Bayero. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga a jihar Kebbi, kimiyyar siyasa ya karanta a Zariya, ya zama shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sannan a 2019 ya hau kujerar shugabancin Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ki kuma tuna masa cewa koyarwar da yake so miki ba ta kuɓuce ba: bayan digiri za ki iya yin difloma ta koyarwa, ki koyar da Gwamnati a sakandare, ko ki wuce ki koyar a jami'a.

Kada ki tunkare shi da wannan a gaban yayanki, kuma kada ki yi rajista a ɓoye. Albarkarsa kike nema, kuɗin makarantar ma daga aljihunsa zai fito. Ki fara da mahaifiyarki, ita ta san lokacin da yake sauraro. In akwai kawu ko malamin da yake jin maganarsa, ku roƙe shi ya sa baki. Ki rubuta sunan jami'ar, kwas ɗin da abin da ake koyarwa a takarda ɗaya da Hausa, ki miƙa masa bayan an gama labaran safe, ki ce masa a gefen rediyonsa kika fara wannan karatu.

Ki sake rubuto mini idan sakamakon Lissafin ya fito.

Gwaggonki