Lauya da karnuka a labarin barkwanci: zai yiwu a Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin bincike mai ban dariya a kan wani lauya mai kare waɗanda ake tuhuma, kuma yana kiwon karnuka. Ina so in kafa labarin a Zariya, amma ƙawayena sun ce Bahaushe ba zai karɓa ba. Malam, mene ne shawararka? Daga wata mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zai karɓa, muddin karen na nan gida ne, kotun ma ta nan gida ce.

Abin da ƙawayenki ke gudu shi ne karen da ke kwana kan gado, ana sumbatarsa. Wannan kam mai karatu zai ajiye littafin. Amma Bahaushe ya san karen farauta, ya san na gadi, ya san wanda ke bin garken Fulani, kuma malamai sun halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Ki sa lauyan ya gaji karnukan daga mahaifinsa mafarauci. Ga shi da baƙar riga da hular gashi zai tafi kotu, ga uwargida ta rantse kare ba zai tsallake zaure ba. Barkwancin ya samu ke nan, daga halin mutane.

Inda na fi damuwa shi ne kotun, domin nan marubutanmu ke zamewa, su kwaso abin da suka gani a finafinan Amurka. A Najeriya babu taron mutanen gari da ke yanke hukunci. Alƙali ne ke sauraron shaidu, shi ne ke yankewa. In kisan kai ne, Babbar Kotu ce ke da hurumi, majistare sai dai ya ba da umarnin tsarewa. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora nauyin tabbatarwar a wuyan masu gabatar da ƙara. Saboda haka lauyanki ba dole ne ya kamo mai laifi ba. Ya isa ya jefa kokwanto mai ƙarfi a zuciyar alƙali.

Kare ba ya rantsuwa, ba ya ba da shaida, don haka kada ki shigar da shi gaban alƙali. Aikinsa ya nuna wa lauya hanya. Misali, shaida ya ce bai taɓa taka gidan da aka yi satar a Sabon Gari ba, sai ga karen gidan, wanda ko mai tallar koko ba ya ƙyalewa, yana kaɗa masa wutsiya a bakin titi. Daga nan lauya ya san tambayoyin da zai yi masa. Ko kuma katin rigakafin haukar kare ya nuna cewa a ranar da aka yi satar, wanda ake tuhuma yana asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Likitan dabbobi zai iya zuwa a matsayin ƙwararre ya yi bayanin tabon cizo, doka ta yarda da haka.

Ina roƙonki kada dariyar ta faɗa kan wanda ke tsare. Mutum ne da iyalinsa ke zaryar neman beli.

Kafin ki ci gaba da rubutu, ki je kotu ki zauna ki saurara, domin a bainar jama'a ake shari'a. Sannan ki ba wani ɗalibin lauya a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, Zariya, babin kotun ya duba miki.